Kafin ka biya wa tsohuwa ɗaki a jirgin ruwa



Bidiyon jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Jidda ya zaga zaurukanmu na WhatsApp, kusan kowa ya gani. Farin jirgi ne kamar unguwa guda, bene kan bene, ga wuraren cin abinci, ga fitilu, ga teku shuɗi har iyakar ganin ido. Da farko kallo kawai ake yi ana "tabarkalla". Yanzu kuma magana ta fara canzawa. Yaranmu da ke neman na kansu a Saudiyya da Libiya da Aljeriya da Kwatano sun fara cewa in Allah ya hore, ranar da suka kai tsohuwa ko tsoho Umra, za su ƙara musu da kwana 3 ko 4 a teku, su ma su ga duniya kafin ƙarfi ya ƙare.

Mun san akwai masu cewa wannan almubazzaranci ne. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Garin da rumbu ke ƙarewa kafin damina ta kankama, garin da ake kai mara lafiya Gure ko Damagaram da kuɗin karo-karo, mene ne na zuba ɗaruruwan jikkuna a kan ruwa? Wanda ƙannensa ba su da kuɗin lakwal, ko bashin mutane na wuyansa, ai ba sai an gaya masa ba, jirgi ba nasa ba ne tukuna. Amma wanda ya sauke nauyin da ke kansa, ya ce zai hutar da uwar da ta yi shekara 40 tana jan guga da daka, mu dai ba mu ga inda ya yi laifi ba. Abin da muke tsoro daban ne: a kashe kuɗin, tsohuwa kuma ta dawo tana cewa wahala ta sha. Hakan kuwa abu ne mai sauƙin faruwa idan aka zaɓi ɗaki da idon mai ɗaukar bidiyo, aka manta da wadda za ta kwana a ciki.

Tekun nan fa ba baƙonmu ba ne. Kafin jirgin sama ya zama hanyar alhazai, mutanen Kutus da Muniyo da Damagaram gabas suke miƙewa da ƙafa da jaki da raƙumi, su bi ta ƙasar Chadi, su wuce Abeshe da Fashir, wasu su tsaya noman auduga a Jazira ta Sudan shekara da shekaru suna tara guzuri, sannan su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga nan jirgin ruwa ke tsallakar da su Jidda. Babu mai tambayar ɗaki a lokacin, inda ka samu ka shimfiɗa tabarmarka nan ne ɗakinka. Da yawa ba su dawo ba, jikokinsu na can Sudan da Saudiyya har yau. To ruwan da kakanni suka tsallaka da zuciya a hannu, shi ne yau ake sayar da kwana a kansa don hutu.

Jirgin da ya fi yawo a bidiyon shi ne AROYA, na kamfanin Cruise Saudi, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda a watan Disamba na 2024. Ba sabon ƙira ba ne, a Jamus aka ƙera shi a 2017, ya yi aiki a Asiya da sunan World Dream kafin Saudiyya ta saye shi ta gyara. Tsawonsa ya kai mita 335, yana da ɗakuna sama da 1,600, yana ɗaukar fasinja sama da 3,000. A tafiye-tafiyensa na Bahar Maliya ya riƙa tsayawa a wurare irin su Sharm el-Sheikh ta Masar da Akaba ta Jodan. Kafin shi ma, a 2021, jirgin MSC Bellissima ya yi irin wannan zirga-zirga daga Jidda. Ku riƙe adadin nan na mita 335 a ranku, za mu dawo kansa.

Magana ta farko ba ta ɗaki ba ce, ta takarda ce. Jirgin da ya bar Jidda ya taɓa Masar ko Jodan ya fitar da kai daga Saudiyya ke nan. Idan bizar da ke cikin fasfon tsohuwa ta shiga sau ɗaya ce, fitar nan ta cinye ta, da me za ta koma? Haka kowace ƙasar da jirgi zai tsaya tana da nata sharaɗin a kan fasfon Nijar. Jiragen Bahar Rum da ke taɓa Italiya ko Girka ko Sifen kuwa, sai da bizar Turai. Dokar kamfanonin nan a fili take: takardu nauyin fasinja ne, in ba su cika ba za a hana ka hawa a bakin tasha, kuɗinka kuma ba lallai ya dawo ba. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, katin rigakafin shawara yana hannu. Duk ajans ɗin da ya ce maka "kar ka damu, za mu san yadda za a yi", ka ce ya rubuta maka a takarda ya sa hannu. Kuma tun da harkar Umra a ƙasar nan tana da hukuma, wato COHO, babu wuya mutum ya bincika ko ajans ɗin da zai ba kuɗinsa sananne ne a wurinta, maimakon ya tura jikkuna ga lambar salular da bai taɓa ganin mai ita ba.

Yanzu ɗaki. Ɗakunan irin waɗannan jirage kashi 4 ne. Akwai na ciki, wanda ba shi da taga ko ɗaya. Akwai mai taga, amma tagar gilashi ce da ba a buɗewa. Akwai mai baranda, inda za ka buɗe ƙofa ka fita ka sha iskar teku. Sai manyan ɗakuna masu falo, na masu hannu da shuni. Farashin da ake rubutawa da manyan lambobi a talla kusan kullum na ɗakin ciki ne, hoton da ake nunawa kuma na mai baranda. A nan ake fara samun saɓani tsakanin abin da ɗa ya gani da abin da uwa za ta tarar.

Ɗakin ciki bai dace da tsohon Kelle ba, wannan ra'ayinmu ne kuma muna kansa. Mutumin da duk bazara a tsakar gida yake kwana, sama ce rufinsa, wanda da inuwar katanga yake gane azahar ta yi, da jan gabas yake gane asuba, ka ɗauke shi ka sa a ɗakin da bai fi taku kaɗan ba, in an kashe fitila duhu ɗaya ne dare da rana? Matashi zai ce ai barci kawai zan yi a ciki, yini duk ina waje. Gaskiya ne, ga matashi. Tsohuwa kuwa rabin yininta a ɗaki za ta yi shi, saboda gajiya, saboda kunyar cunkoson baƙi, saboda ba ta jin yaren kowa. Sannan a tuna abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan a watan Fabrairu na 2020, lokacin korona: mutum sama da 3,700 aka tsare a ciki, aka ce kowa ya zauna ɗakinsa kimanin mako 2, sama da 700 suka kamu. Waɗanda suka fi jin jiki a zaman nan su ne na ɗakunan da ba taga. Ba muna fatan irin haka ba, Allah ya kiyaye, amma ko zazzaɓin kwana 1 ne ya kwantar da mutum, akwai bambanci tsakanin kwanciya kana ganin haske da kwanciya cikin akwati.

To sai a ce a ɗauki mai baranda mana. Nan ma a tsaya a yi tunani. Baranda na da daɗi ga wanda zai zauna a cikinta. Akwai dattawan da ko bakin rijiya mai zurfi ba sa son leƙawa, balle su tsaya a hawa na 10 ruwa na gudu a ƙarƙashinsu. Irin wannan za ka biya kuɗin baranda ne ta yi kwana 4 a rufe da labule. In kuma da jikoki ƙanana a tafiyar, baranda ta zama abin tsaro dare da rana. Wanda ya san mahaifinsa mai son zama waje ne da carbi da la'asar, wannan kam baranda ta biya kuɗinta. Ga mafi yawan iyayenmu dai, ɗaki mai taga ya wadatar, bambancin kuɗin a ƙara a guzuri. Sai dai a tambaya ko tagar a buɗe take ga teku, domin akwai ɗakunan da kwale-kwalen ceto ke rataye a gaban tagarsu, ana sayar da su da rahusa, abin da za ka gani kawai cikin kwale-kwale ne.

Inda ɗakin yake a jikin jirgi ya ma fi irin ɗakin muhimmanci, kuma nan ne mutane ba sa tambaya. Jirgi a kan ruwa yana yi ne kamar sikeli: goshi da wutsiya su ke hawa da sauka, tsakiya ta fi zama daram. Haka kuma duk yadda ka yi sama, haka lilon ke ƙaruwa. Mu mutanen tudu ne, mafi yawanmu ruwan da muka sani bai wuce tafkin damina ba. Wadda motar kasuwa ke sa ta jiri tsakanin Kelle da Gure, me kake tsammani in ka sa ta a goshin jirgi a hawa na sama? A nema mata tsakiya, a hawa na ƙasa ko na tsaka-tsaki. Kuma kafin tafiya a je gidan likita a tambayi maganin jiri da amai wanda ba zai yi karo da na hawan jini ko na ciwon suga da take sha ba.

Ga kuma mita 335 ɗin nan. Ya fi filin ƙwallo 3 a jere. Idan ɗaki na can ƙarshen wutsiya, wurin cin abinci ko wurin sallah kuma na wani ɓangaren, tsoho mai ciwon gwiwa zai yi wannan tafiya sau da yawa a yini, cikin dogon lungu da ƙofofinsa duk iri ɗaya ne, lamba ce kawai ta bambanta su. Wanda bai yi boko ba, lambar nan ba za ta taimake shi ba. Don haka ɗakin ya kasance kusa da na'urar hawa bene, ba manne da ita ba saboda hayaniya, amma taku kaɗan. A duba taswirar jirgin, kowane kamfani na sa ta a shafinsa na intanet, a ga abin da ke sama da ɗakin da abin da ke ƙasa. In wurin kiɗa ne ko kicin ko wurin wanka, barci ya ƙare. Ɗakin da ke da ɗakunan kwana sama da ƙasa shi ne mai shiru. Akwai wani tsari da kamfani ke rage maka kuɗi da sharaɗin shi zai zaɓa maka ɗaki daga baya. Saurayi zai iya gwada sa'arsa. Da tsohuwa kam a'a, ka biya ka san lambar ɗakinka tun kana gida. Mai keken guragu ko mai sanda kuma, akwai ɗakunan da aka yi dominsu, masu faɗin ƙofa da banɗaki marar tudu, amma kaɗan ne, da wuri ake kama su.

Sai abin da ke cikin jirgin. Talla za ta lissafa maka wuraren wanka da silima da wurin motsa jiki da shaguna. Hajiya ba ta da aiki da ko ɗaya. Tambayoyinmu su ne: ina za ta yi sallah, me za ta ci, ina za ta zauna ba a takura mata ba? A nan jirgin Saudiyya ya yi wa sauran nisa, domin an tsara shi ne don iyalan Larabawa da Musulmi: abincinsa halal ne, yana da wuraren sallah, ba gidan caca. A jiragen Turai da Amurka kuwa giya da caca suna cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu, naman alade na kan tebur, abincin halal sai ka nema tun kafin tafiya, wani lokacin ma ba za a samu ba sai dai ka tsaya ga kifi da ganye. Kada a ɗauka duk jirgin da ya tsaya a tashar ƙasar Larabawa haka yake da na Jidda.

Alƙibla a jirgi ba ta zama wuri ɗaya, jirgi na juyawa tana juyawa. Lokutan sallah ma suna tafiya da inda aka kai. Hukuncin sallah a jirgin ruwa da na kasaru malamanmu sun san shi, yana cikin littattafan fiƙihu tun da daɗewa, a je a tambaye su kafin a tashi. A sa buta ta roba a jaka, banɗakin ɗakin ƙarami ne ƙwarai, kuma masai ɗinsa da iska yake zuƙa, da ƙara mai firgita wanda bai saba ba. A nuna wa tsohuwa tun ranar farko, a kuma gaya mata ba a jefa komai a ciki.

Wani abu da zai ba ku dariya amma gaskiya ne: shayi da turare. Dattijonmu ba ya tafiya ba da ƴar butar shayi da gawayi ba, Hajiya kuma ba ta kwana ɗakin da ba a turara ba. A jirgi babu abin da ake tsoro kamar wuta. Gawayi, kasko, kyandir, dutsen guga, duk an hana, ana duba kaya a bakin shiga a ƙwace. Kowane ɗaki na da na'urar jin hayaƙi. Gara a faɗa musu tun a gida, da a yi ta jayayya da ma'aikaci a gaban mutane. Turaren shafawa ya isa, ruwan zafi kuma ana samu a wurin cin abinci.

Tun da mun ambaci wuta, bari mu faɗi abin da ba a so a ji. A watan Fabrairu na 2006 jirgin fasinja Al-Salam Boccaccio 98 ya taso daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar, gobara ta tashi a cikinsa, ya nutse a wannan Bahar Maliya da mutum sama da 1,000, akasari ma'aikata masu komawa gida, har da alhazai. Shi jirgin jigila ne, ba na shaƙatawa ba. Amma a ranar 13 ga Janairu 2012 Costa Concordia, jirgin shaƙatawa na gaske, ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba. Bayan wannan ne aka tsaurara doka, yanzu dole a yi wa fasinja bayanin ceto kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Bayanin nan da Larabci ko Ingilishi za a yi shi. Tsohuwarmu Hausa take ji, ko Barbarci, ko Fulatanci, ko Tubanci. Ke nan dole wanda ya raka ta ya tsaya ya saurara da kyau, ya kama hannunta ya bi da ita hanyar daga ɗaki zuwa wurin taruwa, da ƙafa ta matakala, don in abu ya faru ba a amfani da na'urar hawa. Wannan ma wani dalili ne na ƙin ɗakin da ke can ƙuryar jirgi.

Shi ya sa muke cewa kada a tura dattijo shi kaɗai, ko a haɗa shi da ayarin da ba wanda ya san shi. Ko ta fuskar kuɗi ma babu riba, domin farashin talla na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum 2. Wanda zai kwana shi kaɗai sau da yawa sai ya biya kusan kuɗin mutum 2. In ma'aurata ne suka raka iyaye, a nemi ɗakuna 2 masu ƙofa a tsakani, ko aƙalla maƙwabta. Mai juna biyu da cikinta ya kai wajen wata 6 akasarin kamfanoni ba sa ɗauka, haka jaririn da bai kai wata 6 ba.

Lissafin kuɗi kuwa, abin da ke kan talla somin-taɓi ne. Ana ƙara harajin tasha. Jirage da yawa suna ɗora tukuicin ma'aikata a kan kowane fasinja kowace rana, ko ka so ko ba ka so ba. Wasu wuraren cin abincin suna cikin kuɗin tikiti, wasu sai ka biya daban, kuma ba a rubuta wa tsoho a goshin ƙofa da yaren da zai gane. A ciki ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗaki ake miƙawa, komai na taruwa sai ranar sauka a kawo maka takarda. Yaro ya riƙe katin nan yini ɗaya, ka ji labari. Kuma lissafin da riyal ne ko da dalar Amurka, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma 5 ba. Intanet saye ake yi, da tsada. Salula kuma in an bar ta a buɗe a tsakiyar teku, tana iya kama rezo na tauraron ɗan Adam, kira kaɗan ya cinye abin da ke ciki. Likitan jirgi ma ba kyauta ba ne, kuma in ciwo ya yi tsanani sauke mutum ake yi a tashar da ta fi kusa, a ƙasar da ba ka shirya zama ba. Inshorar lafiya ta tafiya, wadda ta ambaci jirgin ruwa a rubuce, ta fi baranda amfani nesa ba kusa ba. Magungunan da tsoho ke sha kullum a riƙe su a jakar hannu cikin kwalinsu, da na ƙarin kwanaki.

Idan jirgi ya tsaya a gari aka ce a dawo ƙarfe kaza, to ƙarfe kazan ne. Ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya dakata Alhaji na alwala. Wanda ya fita yawon kansa ya makara, jirgi tafiyarsa yake yi, shi kuma ya nemi hanyar cim masa da kuɗinsa. Masu fita da ayarin da jirgin ya shirya su ne ake jira. Haka nan kamfani na da ikon canza tashoshi saboda iska ko tsaro, yana cikin yarjejeniyar da ka amince da ita. Tun ƙarshen 2023, da hare-haren ƴan Huthi suka tsananta a kudancin Bahar Maliya, kamfanoni da dama sun soke ko sun karkatar da tafiye-tafiyensu na yankin. Saboda haka kafin a biya a karanta sharaɗin fasawa: in su suka fasa me za su mayar, in kai ka fasa saboda rashin lafiya ko biza ta ƙi fitowa me za ka samu, kuma zuwa wace rana.

A ƙarshe a tambayi mai tafiyar. Mun lura yaranmu na son yin abin ba-zata, sai an gama biya a kira gida a ce "Inna, shirya". A nuna mata bidiyon, a gaya mata kwana nawa ne ba za ta taka ƙasa ba sai in jirgi ya tsaya, a gaya mata babu turaren wuta, a ji ta bakinta. Wata za ta yi murna ta fara ɗaura kaya. Wata kuma za ta ce a ƙara mata kwanakin nan 4 a Madina, otel kusa da Harami inda ƙafarta za ta iya kai ta sallah 5, in da canji a saya mata tunkiya 2 in an dawo.